Wa Ya Cinye Balen?

 

Na san da aka sanar da maudu'in yau akwai waɗanda suka yi murmushi. Mu da ba mu da ko taku ɗaya na bakin teku, mutumin Maraɗi ko Damagaram sai ya ratsa wata ƙasa sukutum kafin ya ga ruwan gishiri, ina ruwanmu da wata dabba can cikin teku? Ku dai ba ni aron kunnuwanku. Labari ne na dukiyar da ba ta da mai ita, da kamfanonin da suka yi mata rubdugu, da hukumar da aka kafa don tsaronta, ta zauna shekara da shekaru ana kawo mata alƙaluman ƙarya tana rubutawa. In na gama sai ku gaya mini ko baƙon labari ne.

Mu fara da dabbar kanta. A lakwal mun san ta da balen, gidajen rediyo kuma suna ce mata kifin wel. Sunan kifin nan ara mata shi aka yi. Balen da huhu take numfashi, dole ta taso ta shaƙi iska, in aka hana ta tasowa nutsewa za ta yi ta mutu kamar ni da kai. Haihuwa take yi, ta shayar da ɗanta nono. Masana sun ce cikin dabbobin da ke raye yau ba ta da dangi na kusa kamar dorina, wannan dai dorinar kogin Isa da ake gani wajen Ayoru. A hamadar Masar akwai wani kwari da ake kira Wadi al-Hitan, ƙasusuwan kakanninta na nan kwance cikin yashi, har da ƴan ƙafafunsu na baya.

Babbar cikinsu ita ce shuɗiyar balen. Tsawonta na kai mita 30, kamar ka jera tirela biyu, nauyinta kuwa tan 150 ko fiye. Ba a san wata dabba da ta taɓa rayuwa a duniya da ta fi ta nauyi ba. Amma abincinta wasu ƴan mitsi-mitsin jatan lande ne da ake kira kiril. Ba ta da haƙora, wasu faifai ne jere a bakinta kamar rariya, ta kamfaci ruwa ta tace. Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: cikinta kusan shekara guda ne, ɗa ɗaya take haifa, kuma sai bayan shekara biyu ko uku ta sake. Duk abin da zan faɗa daga nan, ku riƙa auna shi da wannan jinkirin haihuwa.

Mutanen da ke zaune bakin teku mai sanyi, irin su Inuwit na Alaska da Girinlan, sun yi dubban shekaru suna farautar balen don su ci. Ɗaya suke kashewa gari ya ci wata da watanni. Farautar kasuwa kuwa, wadda ake yi don a sayar, an fi danganta farkonta da kabilar Bask, waɗanda ke tsakanin Faransa da Sifen, tun wajen ƙarni na 11. Akwai wata baƙar balen mai tafiyar hawainiya, tana bin gaɓa, ga kitse, kuma in ta mutu ba ta nutsewa. Turawan Ingila suna da ita suka sa mata wanda ke nufin "wadda ta dace", wato wadda ta dace a kashe. Ana jifanta da zago, mashin nan mai ƙugiya da igiya irin wanda sarkawa suka sani, a bi ta cikin kwale-kwale har ta gaji. Da ta yi ƙaranci a gaɓarsu, Bask suka ƙetare Atlantika, a ƙarni na 16 suna Labrado ta ƙasar Kanada suna narka kitse. A ƙarni na 17 Holan da Ingila suka faɗa tsibiran Sifitsbagen na can arewa. Haka abin ya yi ta tafiya: a cinye nan, a matsa gaba.

Me ake yi da ita? Fitila dai. Kafin lantarki, kafin kananzir, titunan Landan da man balen ake haska su. Faifan bakin nan kuwa su ne robar wancan zamani, da su ake yin sandunan laima, da bulala, da ɗamarar da matan Turawa ke matse ƙugu da ita.

A ƙarni na 19 Amurka ta karɓe kasuwar, daga tsibirin Nantuket da garin Niyu Bedfod. A shekarar 1846 jiragen farautar balen na Amurka sun haura 700. Su kashalo suka fi nema, mai haƙoran nan da ƙaton kai, domin a cikin kansa akwai wani mai fari tas da ake yin kyandir mafi tsada da shi. Jirgi kan fita ya yi shekara uku ko huɗu bai dawo gida ba, da tukwanen narka kitse a samansa. Ma'aikaci ba shi da albashi, wani ɗan kaso ne na riba ake yanka masa, a cire kuɗin tufafi da taba da ya ci bashi a jirgi, har wani ya sauka ana bin sa. Cikin waɗannan ma'aikata akwai ƴan Afirka da yawa daga tsibiran Kap-Ber, jikokinsu na nan a Niyu Bedfod har gobe. Kuma dabbar takan rama. A 1820 wani kashalo ya yi karo da jirgin Essex ya nutsar da shi a tekun Pasifik, daga nan ne Herman Melville ya samo wani ɓangare na littafinsa Moby-Dick na 1851. Akwai ma wani abu da ya faru a 2007: mafarautan Alaska suka kashe wata balen, suka tarar da guntun makami a jikinta irin wanda ake ƙerawa a Niyu Bedfod a ƙarshen ƙarni na 19. Ta fi shekara ɗari tana yawo da shi. Irinta na iya kaiwa shekara 200.

To a nan akwai wata magana da za ku riƙa gani a intanet, wai man fetur ne ya ceci balen. Ana cewa da aka haƙa rijiyar mai a Pensilbaniya a 1859, kananzir ya yi arha, aka bar man balen. Kashi ɗaya na maganar gaskiya ne, fitila ta koma kananzir, kasuwar Amurkawa ta faɗi. Amma kisan gaske bayan nan aka yi shi, kuma injin da ke shan gawayi da mai shi ya ba da dama.

Ga yadda aka yi. Duk tsawon ƙarnonin nan shuɗiyar balen da ƴar uwarta rorkal sun gagari mafarauta. Sun fi kwale-kwale gudu, kuma in sun mutu nutsewa suke yi. Sai wani ɗan ƙasar Norwe mai suna Svend Foyn ya haɗa jirgi mai injin tururi da igwa a goshinsa. Igwar na harba zago mai ɗauke da nakiya, ya shiga jikin dabba sannan ya fashe. A 1870 ya yi rajistar wannan ƙira. Daga baya aka koyi hura wa gawar iska don ta yi iyo. Shi ke nan, babu sauran balen da ta fi ƙarfin mutum.

A 1904 wani ɗan Norwe kuma, Carl Anton Larsen, ya kafa mayanka a Giritbiken, tsibirin Jojiya ta Kudu, ƙofar tekun Antatika, inda balen ke taruwa cin kiril kuma ba a taɓa taɓa su ba. Daga wannan shekara zuwa 1965, a wannan tsibiri kaɗai an feɗe balen kusan 175,000. Ingila ce ke mulkin tsibirin, tana ba da lasisi tana karɓar haraji, har da ƴan sharuɗɗa. Me kamfanoni suka yi? A 1925 suka fito da jirgin Lancing, wanda aka buɗe masa gangara ta baya, a jawo balen sukutum cikin jirgi, a feɗe, a dafa, a tsakiyar teku inda babu sarki babu alƙali. Izin ce guda ke yawo bisa ruwa. A kakar 1930 zuwa 1931 irin waɗannan jirage 41 ne a Antatika, kuma sun kashe shuɗiyar balen fiye da 29,000 cikin ƴan watanni. Ku tuna, ɗa ɗaya a shekara biyu ko uku.

Wa ke sayen man tunda fitila ta daina sha? A farkon ƙarni na 20 wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya gano hanyar daskarar da mai na ruwa ya koma kamar man shanu, ƙarninsa ya gushe. Sai man balen ya zama margarin na shafa wa burodi, ya zama sabulu. A yaƙin duniya na ɗaya har sinadarin nakiya ake cirowa daga gare shi. Babban mai saye a shekarun 1930 shi ne Unilever. Wannan Unilever ɗin shi ne uban kamfanin UAC da ke sayen gujiya a Kano da sauran ƙasashen yammacin Afirka. Ke nan gujiyar da kakanninmu suka noma a zamanin Nasara, da manjan kudu, da kitsen balen na Antatika, kasuwa ɗaya suke zuwa, tukunya ɗaya suke shiga. In man balen ya yi yawa ya faɗi, mai buhun gujiya ma sai ya ji a jikinsa, ko da bai taɓa jin sunan dabbar ba.

Yanzu mu zo kan hukuma, don nan ne ya fi damuna. Ranar 2 ga Disamba 1946, a Washinton, ƙasashen da ke farauta suka sa hannu kan yarjejeniya, aka kafa Hukumar Balen ta Duniya. Manufar da aka rubuta ita ce a kiyaye dabbar don sana'ar ta ɗore. Su wa ke zaune a teburin? Mafarautan da kansu. An ba kura ajiyar nama.

Ku ji irin ma'aunin da suka yi amfani da shi. Maimakon a ce ga adadin da za a kashe na kowane iri, sai aka auna komai da mai: shuɗiya ɗaya daidai take da rorkal biyu, ko mai doro biyu da rabi, ko seyi shida. Aka ce jimla kada a wuce ma'auni 16,000 a kaka, kuma ba a raba wa ƙasashe ba, da zarar an cika sai a busa a ce kowa ya tsaya. To in kai ne kyaftin me za ka yi? Ka yi sauri ka riga ɗan uwanka, kuma ka nemi babba, harbi ɗaya ya ba ka abin da shida za su ba ka. Wato dokar da kanta ta tura su kan wadda ta fi ƙaranci. Su kansu mafarautan gasar Olamfik suke kiran abin. Shuɗiya ta ƙare aka koma rorkal, rorkal ta ƙare aka koma seyi, daga ƙarshe aka sauko kan ƴar ƙaramar minki da a da ko kallonta ba a yi. Masana kimiyyar hukumar suna ta cewa a rage, wakilan ƙasashe suna cewa sai an ƙara bincike. Sai 1966 aka hana kashe shuɗiya a duk duniya, lokacin da nemanta ma ya zama asarar mai. Ihu bayan hari. A Antatika, inda aka ƙiyasta sun fi 200,000 kafin farauta, ƴan ɗaruruwa suka rage. Ma'aunin man nan kuwa sai 1972 aka soke shi.

Wannan fa abin da aka yi bisa doka ke nan. Akwai na bayan fage. Attajirin nan na Girka, Aristotle Onassis, ya sa wa jirginsa Olympic Challenger tutar Panama don kada doka ta hau shi, yana kashe uwa da ɗa, har sojan ruwan Peru suka kama jiragensa a 1954. Amma shi ƙaramin alhaki ne in aka kwatanta da Tarayyar Sobiyet. Daga 1948 zuwa farkon shekarun 1970, jiragen Sobiyet sun kashe balen kusan 180,000 da ba su faɗa wa kowa ba. Littafi biyu suke riƙewa, na gaskiya da na kai wa hukuma. Misali mai doro a tekun kudu: sun ce ƙasa da 3,000 suka kashe, alhali sun haura 48,000. Abin takaicin shi ne ba wata buƙata ce mai ƙarfi ta sa su ba. Ma'aikata a Mosko ta rubuta adadin da za a cika a shekara, wanda ya wuce a ba shi lada da lambar yabo, shekara mai zuwa a ɗaga adadin. Sau da yawa kitsen kawai ake ɗauka a tura nama cikin ruwa.

Ta yaya aka sani? Masana kimiyyar da ke cikin jiragen, waɗanda aka sa su rubuta ƙarya, wasunsu sun ɓoye takardun gaskiya a gidajensu shekara da shekaru, a ƙasar da yin haka kan iya kai mutum kurkuku. Da Sobiyet ta wargaje, a 1993 masanin nan Alexey Yablokov ya tashi gaban taron masana ya fasa ƙwai. Ni a wurina waɗannan mutane da suka adana takarda ba su gaza waɗanda suka tare igwa da ƙirjinsu ba. Ba don su ba, da har yau lissafin da ake yi na yawan balen bisa ƙarya yake zaune. Da aka tattara komai, masu bincike sun ce balen kusan miliyan 2.9 aka kashe a ƙarni na 20.

To me ya juya lamarin? Abu na farko riba ta ragu, dabbar ta ƙare, man gujiya da na waken soya da manja sun wadata. Kada mu ɓoye wannan, Ingila da Holan lissafin aljihu ne ya fitar da su tun shekarun 1960. Amma Japan da Sobiyet sun ci gaba, kuma abin da ya tsayar da su mutane ne.

A 1970 wani masani ɗan Amurka, Roger Payne, ya fitar da faifan garmaho wanda babu komai cikinsa sai kukan balen mai doro. Shi da abokin aikinsa Scott McVay sun nuna cewa kukan nan yana da tsari, baiti-baiti, namiji na maimaita shi kamar waƙa. Faifan ya sayu ƙwarai. Mutanen da suka san balen a matsayin ganga ta mai suka ji muryarta cikin ɗakunansu. A 1972 taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli a Istokholm ya nemi a dakatar da farauta shekara goma, hukumar balen ta yi kunnen uwar shegu. A 1975 wasu matasa na ƙungiyar Greenpeace suka shiga ƴan kwale-kwalen roba suka tsaya tsakanin jirgin Sobiyet da garken kashalo a gaɓar Kalifoniya. An harba zagon ta saman kansu, kuma sun ɗauki hoton. Balen nawa suka ceta ran nan? Kaɗan ne. Amma hoton ya shiga talabijin, abin da ake yi a inda ba mai gani ya fito fili.

Sannan aka yi aikin da ba ya fitowa a hoto, wato ƙidayar ƙuri'a. Yarjejeniyar 1946 ta ce kowace ƙasa na iya shiga hukumar, ko tana farauta ko ba ta yi. Masu kare balen suka yi ta jawo ƙasashe. Ƴar ƙaramar ƙasar Seshel, ta nan Afirka, ita ta kawo shawarar da ta mayar da tekun Indiya hurumin balen a 1979. A 1982 aka kaɗa ƙuri'a, 25 suka yarda, 7 suka ƙi, 5 suka ƙaurace: a dakatar da farautar kasuwa daga kakar 1985 zuwa 1986. Wannan dakatarwa na nan har yau.

Sai dai yarjejeniyar na da ƙofofi. Ƙasar da ta rubuta ƙin amincewa cikin lokaci, dokar ba ta hau kanta ba, ta nan Norwe ta koma farauta a 1993. Aislan ta fita, ta dawo da sharaɗi, ta koma a 2006. Japan kuwa ta bi ta ƙofar binciken kimiyya tun 1987, ana kashewa da sunan bincike, naman na ƙarewa a kasuwa. Ostireliya ta kai ta ƙara Kotun Duniya da ke Lahai, ranar 31 ga Maris 2014 kotu ta ce shirin Japan na Antatika ba don kimiyya ake yin sa ba. A 2019 Japan ta fice daga hukumar ta koma farauta a ruwanta.

Na san abin da wasunku ke rayawa, kuma tambaya ce mai kyau. Waɗanda suka cinye balen ƙarni da ƙarni, suka gina biranensu da manta, yau su ne ke wa wasu wa'azi? Akwai gaskiya a ciki. Japan ma bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin yunwa, hukumar mamayar Amurka ce ta ba ta izinin komawa Antatika, aka riƙa ba yara naman a makaranta. Kuma an so a hana Inuwit na Alaska farautarsu ta gado a 1977, sai da suka tashi tsaye suka nuna ƙidayar masana ta yi ƙasa da gaskiya, yau suna farauta bisa ƙa'ida kuma balen ɗinsu na ƙaruwa. Amma munafuncin mai wa'azi ba ya ƙara wa dabba saurin haihuwa. In likita mashayi ne ya ce maka taba na kisa, tabar dai na kisa.

Mu kuma ƴan Afirka mu dubi inda muka tsaya. Mali, maƙwabciyarmu, wadda kamar mu ba ta da teku, mamba ce a hukumar balen tun 2004. Haka Mongoliya da Lawos. Ƙasashen yammacin Afirka da dama sun daɗe suna jefa ƙuri'a tare da Japan, wadda ke ba da tallafin harkar kamun kifi, kuma a 2010 jaridar Sunday Times ta Ingila ta fitar da binciken da ya zargi wasu wakilai da karɓar kuɗin tafiya da na aljihu. Don adalci, ɗaya ɓangaren ma na da nasa marasa teku, irin su Suwis da Otirish. Amma hujjar da wakilanmu ke kawowa ita ke ba ni haushi: wai balen na cinye kifin talaka. Manyan balen da ke zuwa gaɓar yammacin Afirka haihuwa ke kawo su, kusan azumi suke yi a nan, cinsu na can ruwan sanyi. Masunci a Senegal ko Muritaniya ya san wanda ke kwashe masa kifi: manyan jiragen ƙasashen waje, da masana'antun da ke niƙa kifi ya zama gari a kai wa dabbobin wasu ƙasashe. A 2024 a birnin Lima, shawarar Barazil ta a mayar da kudancin Atlantika hurumi, wadda ta fi shekara 20 tana kawowa, ta sake faɗuwa da ƙyar, ƙasashe 40 suka yarda 14 suka ƙi, ba a kai kashi uku cikin huɗu ba. Wannan teku rabinsa gaɓar Afirka ce.

Shin hanin ya yi amfani? Ya yi. Mai doro da ke haihuwa a gaɓar Barazil sun sauka zuwa kusan 450 a shekarun 1950, yau ana ƙiyasta su kusan 25,000. Waɗanda aka yi ta kashewa a Kap Lopez na Gabon sun dawo, har ana fita kallonsu da jirgi. Masu zuwa Kwatano ko Lome ɗauko kaya, ku sani daga wajen watan Agusta zuwa Oktoba suna nan bayan tashar, uwa da ɗa. Farautar da ta rage a duniya ba ta kai 2,000 a shekara ba, alhali a shekarun 1960 ana wuce 60,000. Shuɗiyar Antatika ita ma tana ƙaruwa, amma har yanzu ƴan dubbai ne.

Abin da ke kashe su yau ba shi da igwa a goshi, shi ya sa ya fi wuyar yaƙa. Ana ƙiyasta balen da dolfin da danginsu kusan 300,000 ke mutuwa kowace shekara cikin koma da igiyoyin masunta, ba wanda ya nufe su. Ga manyan jiragen dakon kaya da ke take su, matuƙin ma bai sani ba sai ya iso tasha ya ga gawa a goshin jirgi. Ga ƙarar injuna da ta binciken mai a ƙarƙashin teku, ga dabbar da da ji take rayuwa. Ga jiragen da yanzu ke kwasar kiril ɗin kansa a Antatika.

Ku koma kan baƙar balen nan da Bask suka fara da ita. Tun 1935 aka hana kashe ta, shekara 90 ke nan, amma a arewacin Atlantika kusan 370 suka rage, mata masu haihuwa kusan 70. Fiye da kashi 80 cikin ɗari nasu na ɗauke da tabon igiya. Masu kamun ƙaguwa da lobsta a gaɓar Amurka da Kanada suna saka tarko a ƙasan teku, igiya ta miƙe zuwa sama, dubbai da dubbai. In ta naɗe balen, takan yi watanni tana jan kaya, igiyar na cin nama har ƙashi, ta rame, in ma ta tsira ta daɗe ba ta haihu ba. Wadda a da ke haihuwa duk shekara uku, yanzu sai ta yi shida zuwa goma. Kuma an san maganin. A 2003 Kanada ta karkatar da hanyar jirage a mashigin Fundi don a kauce musu. A 2008 Amurka ta sa dokar rage gudu a wasu wurare da wasu watanni. An ƙera tarko marar igiyar tsaye. Amma rage gudu kuɗi ne, sabon tarko kuɗi ne, kuma masunta da masu jirage na da ƙuri'a da lauyoyi. Shawarar faɗaɗa dokar rage gudun, gwamnatin Amurka ta janye ta a farkon 2025.

A mashigin Meksiko kuma akwai wata da sai a 2021 masana suka tabbatar irinta daban ne, suka sa mata sunan masani Rice. Kusan 50 ne duka duniya, kuma malalar man Deepwater Horizon ta 2010 ta shafi gidansu. Ƴar ƙaramar bakita ta gaɓar Meksiko ta yamma, wadda komar masu satar wani kifi mai tsada ke kamawa, kusan goma suka rage. Dolfin na kogin Yangtse a Sin kuwa, an fita nemansa a 2006 mako shida, ba a ga ko ɗaya ba.

Nan zan dakata, na ga lokaci ya ja kuma akwai hannuwa sama tun ɗazu. Ƴar uwa ta can baya, ke kika fara ɗagawa, bismillah.